Babban Baƙin Matar Hamma

Asabar, 4 ga Yuni, 1977, bayan la'asar

An yi sadakar uku. An naɗe tabarmin ƙofar gida, saura na zaure. Na zaro wannan littafin daga jakata ta ofis na ce bari in riƙa zuba masa, tunda a gidan nan namu na unguwar Madaki ba wanda ya iya wata magana sai "sai haƙuri". Wallahi in na ƙara jin "sai haƙuri, Suwaibatu" zan fasa wani abu.

Inna ba ta yi kuka ba. Tun ranar Laraba tana zaune a bakin ɗakinta tana tsince shinkafar da ba tsakuwa a ciki. Masu gaisuwa suna yaba mata, wai ta cika Bafulatana. Hamma Yuguda ɗan farinta ne, tunda na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Wancan" take cewa, ko "yayanku". Ranar Laraba ma da aka shigo da labarin rasuwarsa, abin da ta ce ke nan: "Wancan ɗin?"

Ita kuwa matarsa, Aldona, wadda muke ce wa Dona, da ya auro a Kaunas inda ya yi karatun likitan dabbobi, a tsakar gida ta durƙusa tana kiran sunansa har maƙwabta suna ji. Mata suka riƙa rufe baki da mayafi. Ni dai ban ga laifinta ba. Na so ma in taya ta.

Ɗansu Babayo yana ta zagaya mutane yana neman makullin motar babansa. Shekararsa huɗu. Ba wanda ya ce masa komai.

Litinin, 6 ga Yuni, da hantsi

An ce motar da Hamma ya yi hatsarin da ita tana nan inda aka jawo ta aka ajiye. Ban bi ta hanyar ba.

Laraba, 8 ga Yuni, bayan azahar

Sadakar bakwai. Dona ta koma gidansu na gwamnati da yaron. Kafin ta fita ta danƙa min takarda a ninke ta ce in karanta wa Inna.

Wannan ba sabon abu ba ne. Shekara uku ke nan da zuwanta Gombe, kuma duk sanda ta shigo gaisuwa sai Inna ta ja mayafi ta juya gefe, don matar ɗan fari ce. Da Dona ta ga magana ba ta shiga, sai ta koma rubutu. In ta aiko da dankali ko biredin da take gasawa, akwai 'yar takarda a kai, ni ce mai karantawa. Ta yau ga abin da ta ce:

"Inna, ina gaishe Ku. Babayo yana tambayar Ku. Ina so in zauna kusa da Ku in yi kuka, amma ban sani ba ko Kuna so."

Na karanta. Inna ta karɓi takardar ta sa ƙarƙashin filo ta ce, "A ce mata an gode."

An gode! Shi ke nan fa. Na fita bayan gida na tsaya ina kallon tulu don kada in faɗi abin da zan yi nadama.

Alhamis, 9 ga Yuni, a ofis, lokacin tashi

Na koma aiki. Na buga wasiƙa huɗu, uku na yaga.

Ina buga keken rubutun sai na tuna farkon zuwan Dona, lokacin da na ga takardarta ta fari. Ni da taƙamar tafireta na ɗauki jan biro na ce mata ba a sa babban baƙi a tsakiyar magana, in na yi haka a ofis oga zai jefo min takardar. Ta yi dariya ta ce ba kuskure ba ne. A ƙasarsu, Lituwaniya (ta gaji da gaya wa mutanen Gombe ita ba 'yar Rasha ba ce), in kana rubuta wa mutum wasiƙa, duk inda ka ce masa kai ko ku, da babban baƙi kake farawa. Ta rubuta min nasu, Tu da Jūs. Ta ce kamar mutum ya shigo ɗaki ne ka miƙe masa tsaye. Ba kowa ake yi wa ba, sai wanda takardar take hannunsa.

Hamma yana gefe yana fere mangwaro ya ce, "Bar ta, Suwaiba. Da wannan baƙin ta kama ni. Tunda nake ba wanda ya taɓa miƙe min tsaye a takarda."

Na daina rubutu. Masinja yana kallona.

Talata, 14 ga Yuni, da yamma

An aiko wa Dona ta bar gidan gwamnati, sabon likita zai shigo. Ko wata ba a yi ba! Mutanen da suka zo suka cika zaure da hawaye su ne suka sa hannu.

Na same ta tana cusa littattafan Hamma a kwali. Ta ce ta rubuta wa ofishin jakadancinsu a Ikko. Bayan arba'in za ta tafi. Mahaifiyarta ita kaɗai ce a can.

Na ce, "Babayo fa?"

Ta dube ni kamar na yi mata wani yare. "Ɗana ne, Suwaiba."

Na san ɗanta ne. Amma shi kaɗai ne ke da kunnuwan Hamma, shi kaɗai ke tafiya irin tasa, ƙafa ɗaya na jan ɗaya. In ya tafi me ya rage mana? Hoton bango?

Ban bi ta hanyar ba. Na zagaya ta kasuwa, takalmina duk taɓo.

Juma'a, 17 ga Yuni, bayan masallaci

Bappa Bubayero, ƙanin mahaifinmu, ya zo ya zauna a zaure ya aika a kira ni. Ya ce ya ji labari. Ya ce ɗan Yuguda ba zai tashi a ƙasar da ba a jin kiran salla ba, yana raye. Ita in tana so ta tafi, hanya a buɗe take, amma yaro na dangin uba ne.

Na ce, "Bappa, ku yi magana da ita mana."

Ya ce, "Da wa? Ni ba na shawara da mace a kan jinina."

Inna tana daga ciki tana ji. Ko tari ba ta yi ba.

Lahadi, 19 ga Yuni, da safe

Ikon Allah. Na tashi na tarar da Sallau magini a tsohon ɗakin Hamma, wanda ya zauna kafin ya tafi karatu. Ana shafa farar ƙasa. Inna ta sa a faɗaɗa taga a sa mata raga saboda sauro. Ta sa an fito da gadon ƙarfen da take ɓoyo tun aurena da bai yiwu ba.

Na ce, "Inna, ɗakin wa?"

Ta ce, "Ɗaki ne. Ya yi datti."

Wa ke tsoron sauro a gidan nan in ba mutum ɗaya ba? Raina ya yi fari, har na ci tuwo.

Litinin, 20 ga Yuni, bayan la'asar

Da gudu na je na gaya wa Dona. Ta ajiye kwanon da take naɗewa a jarida.

"Inna ta ce ɗakina ne?"

"Ba ta ce ba, amma ai kowa ya gani."

"Suwaiba, shekara uku. Ba ta taɓa ce mini ke ba. A ce mata, a ba ta, a gaishe ta. Ina tsaye a gabanta tana aika ki wurina. Ɗanta ma ba ta kira sunansa ba ranar da aka fita da shi. Yaya zan zauna a gidan da ba a iya ce mini ki zauna?"

Na yi ta bayani, kunya ce, girmamawa ce, a wajenmu wanda ka fi so shi kake ɓoyewa. Ina faɗa ina jin maganar tana yi min wani iri a baki. Ta ce ta sani, Hamma ya gaya mata sau ɗari. Ta ce da yana nan tana iya ɗauka, don shi yana kiran sunanta ya ishe ta.

Na dawo na tasa Inna a gaba. Na ce kalma biyu ce, ki zauna, ki faɗa mata da bakinki. Ta ce, "Ni in buɗe baki in roƙi matar wancan? Ke dai ba ki da ta ido."

To. Ga kunya nan, a dafa ta a ci.

Laraba, 22 ga Yuni

Laraba kuma. Ban yi komai ba.

Asabar, 25 ga Yuni, bayan magariba

Dole in rubuta wannan.

Da safe Bappa ya biya gidan Dona ya ce zai kai Babayo gonarsa ta Tumfure ya ga shanu, su dawo kafin azahar. Ta ba shi. Azahar ta wuce, la'asar ta kawo kai. Sai ga ɗan aike wai yaro zai kwana biyu a can, kada a neme shi.

Ni aka fara gaya wa. Kuma zan faɗi gaskiya a nan tunda ba mai gani: da na ji, wani abu a ƙirjina ya ce madalla. Tir da ni.

Dona ta shigo gidanmu ba takalmi, ba ɗankwali. Ba ta yi sallama ba. Ta tsaya a tsakar gida gaban Inna, Hausarta duk ta watse, rabi nasu rabi namu. Abin da na iya tsinta shi ne, "Kun ɗauki ɗaya, ku bar mini ɗaya." Wa ya ɗauki ɗayan? Ban tambaya ba.

Inna ta juya gefe yadda ta saba. Na ce a raina shi ke nan, yau zan yi rashin kunyar da ba a taɓa yi ba a Madaki. Sai na ga ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta fito da babban mayafinta, ta zura takalmi ta fita. Inna, da rana tsaka, a kan titi! Rabon da ta taka bakin zaure da rana tun rasuwar mahaifinmu. Na bi ta, ta ce, "Koma."

Muka zauna ni da Dona muna jira. Hadari ya haɗu ya watse.

Ana kiran magariba sai ga ta, yaron goye a bayanta yana barci, ƙafafunta jajawur da ƙasar hanya. Ta kwance shi ta shimfiɗa a cinyar uwarsa. Ba ta kalle ta ba. Ni ta kalla ta ce, "A ce mata ga ɗanta."

Ban san abin da ta gaya wa Bappa ba. Ta ƙi faɗa.

Talata, 28 ga Yuni, da hantsi

Bappa bai zo ba. Dona ba ta zo ba. Ƙafar Inna ta kumbura, ta hana a kira mai magani.

Alhamis, 30 ga Yuni, bayan la'asar

Ina shafa mata man zafi sai ta ce, "Kwana biyu ba takarda."

Na ce, "Ai ba a amsawa, Inna. Mutum yana gajiya."

Can ta sa na jawo mata kwallarta ta ƙarƙashin gado, wadda take ajiye turare. Ashe duk takardun Dona suna ciki, na shekara uku, har da waɗanda maiƙon biredi ya ɓata. Inna ba ta san boko ba, allo kawai ta yi. Ta buɗe ɗaya ta miƙo min da yatsa a kai.

"Na daɗe ina son in tambaye ki. Wannan dogon da ke tsaye a cikin gajeru, ga shi nan, ga shi nan kuma, mene ne?"

Na ce, "Ke ce."

"Ni?"

Na yi mata bayanin yadda Dona ta yi min. Na ce duk inda ta ambace ki sai ta ɗaga baƙin, a ƙasarsu haka ake miƙe wa mutum tsaye.

Ta daɗe tana kallon takardar. Ta ce, "Shekara uku tana miƙe min tsaye ina zaune? Me ya sa ba ki faɗa ba?"

Na ce, "Baki ba ya karanta shi, Inna. In na faɗa da murya, duk ɗaya suke fita."

Ta ce, "Ɗauko alƙalami."

Juma'a, 1 ga Yuli, a ofis

Na buga wasiƙar Inna a keken ofis, a kan takarda mai kyau. Inna ta ce kada in rage ko ɗaya, duk inda matar take in ɗaga mata, har ya fi nata tsawo in keken zai iya. Malam Inuwa, akawunmu, ya leƙo ya ce akwai kurakurai. Na ce na gani. Na ajiye kwafi a nan don kada wata rana in ce mafarki na yi:

"Ina gaishe Ki. Ɗakin Naki ne tun ranar da aka shafa farar ƙasa. In Kin zauna, a gida Kika zauna. In Kin tafi, Ki tafi da shi, ba mai tare Ki ina numfashi. Ni ban kira nawa da sunansa ba har aka fita da shi. Ke Ki riƙa kiran Naki da ƙarfi, yadda Kika saba."

Da ta zo wajen "in Kin tafi" na ajiye alƙalami na ce ban rubuta wannan ba. Na ce Inna, roƙonta za mu yi, ba rakiya ba. Ta ce, "Rubuta. Ba a riƙe mutum da ɗansa."

Asabar, 2 ga Yuli, da yamma

Na kai. Ta karanta a tsaye, ta sake karantawa a zaune. Ta bi baƙaƙen da yatsa. Ta shiga ciki ta rufe ƙofa. Na ji abin da na ji ta bayan ƙofar, na ja Babayo muka fita kallon ƙadangaru.

A kan teburinta na ga ambulan ɗin Ikko a buɗe. Takardun tafiya sun iso tun Laraba.

Litinin, 4 ga Yuli, bayan azahar

Ta zo! Akori-kura ta tsaya a ƙofar gidanmu, aka sauke akwati uku da kwalaye. Ta shiga ɗakin ta taɓa ragar tagar. Inna tana bakin murhu, ta ɗaga kai, ta buɗe baki, ta rufe, sannan a hankali ta ce, "Kin iso?"

Kin. Na ji da kunnena. Dona ta durƙusa ta ce, "Na iso, Inna."

Sai da na je na wanke fuska.

Laraba, 6 ga Yuli, da safe

Ba ta kwance akwatunan ba.

Juma'a, 8 ga Yuli, bayan la'asar

Suna zama tare a tabarma ɗaya suna gyaran wake. Ba sa wata hira. Babayo yana hawa bayan Inna, tana ce masa maigidana ya zo ba cefane. Jiya na ji dariyar Dona, ta farko tun ranar.

Na leƙa ɗakin sau nawa yau, ban sani ba. Akwatunan suna nan a ɗaure. Na tambayi Dona kai tsaye ko zama za ta yi. Ta ce, "Suwaiba, uwata ma tana da ɗaki da ta share." Ta ce za ta kawo mana Babayo ziyara in an bar ta ta fito daga ƙasarsu. In an bar ta. Ban san me zan yi da wannan "in" ɗin ba.

Na yi fushi da ita, na yi fushi da Inna da ta buɗe mata hanya, na yi fushi da Bappa, na yi fushi da wanda ya sayi mota da kuɗin ƙarin albashin Udoji ya ce sai ya kai allurar shanu Dukku a ranar da ake ruwa.

Na goge wannan layin na sake rubutawa. A bar shi.

Lahadi, 10 ga Yuli

Arba'in. An yi gumba da waina. Bappa ya zo, ya tsaya a zaure.

Talata, 12 ga Yuli, bayan magariba

Ni na raka su tashar jirgin ƙasa. Inna ta tsaya a bakin zaure. Ta sa wa yaron laya a wuya, ta tofa masa addu'a a ka, ta juya kafin motar ta tashi. Babayo murna yake, zai hau jirgi. Da jirgin ya motsa Dona ta miƙo min takarda ta taga ta ce, "Ta Inna."

A dawowa na bi ta hanyar. Motar tana nan. Ciyawa ta fara fitowa ta ƙarƙashinta.

Na sami Inna a ɗakin, zaune a bakin gadon ƙarfe. Na ba ta takardar na ce in karanta? Ta ce in dakata. Ta matsa kusa da taga don sauran haske, ta buɗe, ta fara bi da yatsa layi layi.

"Ga ni nan," ta ce. "Ga ni. Ga ni kuma."

Can wajen ƙasa yatsan ya tsaya.

"Wannan dogon ba ni ba ce. Mai reshe biyu. Wane ne?"

Na duba. Na ce, "Sunan Hamma ne, Inna. Suna ma da babba ake fara shi."

Ba ta ɗauke yatsan ba. Ta ce, "Karanta min wannan. Shi kaɗai."

Na ce, "Yuguda."

Ta rufe ido. Ta ce, "Sake."